Kujerar Gaba a Wurin Mai Unguwa

Daren Talata, unguwar Balad

Za a dawo da cibiyar taimakon marasa lafiya daga unguwar Kurayyat zuwa layinmu, maƙwabta Larabawa kuma sun ƙi, wai babu wurin ajiye mota. Za su kai kuka wurin mai unguwa.

Abu Majid, mai gidan da nake haya, ya tare ni da fara'ar da ban san shi da ita ba. Ya ce, "Ya Ustaz, gobe kai za ka zauna gaba wurin mai unguwa. Ba sai ka yi magana ba."

Ina zargin fuskata ta Bahaushe suke buƙata, don kada a ce Hausawa masu zuwa cibiyar ake kora. Gwaggo Hafsatu a cibiyar take karɓar magani. Hayata kuma watan gobe za a sabunta ta.

Na ce masa in sha Allah. Ya dube ni, bai yi murmushi ba.