Na Wanke Takardunka, Sule

Zuwa ga jikana Sulaimanu, angona mai manyan kunnuwa, a birnin Masko ko duk inda Allah Ya ajiye ka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da tambayar lafiyarka da ta malamanka, da yadda kake fama da sanyin ƙasar Rasha. Ni nan unguwar Tandabawi ta Makka lafiya lau nake, sai gwiwa, ita ma tana gaishe ka.

Wannan takarda ba za ta bi ta gidan waya ba. Wani alhaji ɗan unguwarku zai kai ta Kano hannun ubanka, ta zauna a can har a sami wanda zai damƙa maka hannu da hannu. Na san mutanen gidan sai sun buɗe ta kafin ta iso ka. Su karanta, amma su kama bakinsu, kada su yi irin tawa.

Wata tara ke nan ban ga rubutunka ba, Sule. Ubanka ma ya aiko cewa shiru. Kai da ko mura ka yi sai ka cika shafi biyu kana ba ni labarin hancinka.

Ka tuna tun kana ƙarami, kafin in taho Makka, kai ne mai lalata mini tatsuniya. Ina cikin bayarwa sai ka ce, ai ba haka kika faɗa jiya ba. Ni kuwa in ce maka jiya daban, yau daban. Da ka sami gurbin karatun likita a Rasha na ce to, Allah Ya raba mai gardama da tatsuniya. Ashe can ma labari za ka je ka tarar.

Kai ka rubuto mini cewa mutanen can suna girmama marubuta kamar yadda muke girmama manyan malamai, har a kan titi a tsaya sauraron mai waƙa cikin sanyi. Ka ce kuma hukuma na tsoronsu daidai yadda jama'a ke son su. Ba a buga littafi sai wani ma'aikaci ya bi shi layi-layi ya sa hannu. Wanda aka hana, sai a buga shi a ɓoye da tafireta a kan takarda mai shara-shara, a ba ka aron kwana ɗaya, ka karanta ka miƙa wa na gaba. Na yi dariya a lokacin. Na ce wace irin gwamnati ce mai bindiga da jirgin sama take jin tsoron tatsuniya?

Sai ka fara aiko mini da labarin nan. Ka ce tsohuwar da ke koya muku yaren Rasha ce ta ba ka, rubutun yayanta ne wanda hukuma ta tafi da shi shekaru da yawa bai dawo ba. Kana juya shi zuwa Hausa, kana rubutawa da ajami kaɗan-kaɗan a ƙasan wasiƙa, tunda ni ban iya boko ba, su kuma masu buɗe wasiƙu ba su iya ajami ba. Har ka yi alfahari da wayonka. Ka kuma gargaɗe ni da babban baƙi: Kaka, wannan na kunnenki ne ke kaɗai.

Labarin mutumin nan mai aiki a ɗakin ajiye littattafai, wanda aka ba shi reza. Duk wanda hukuma ta yi fushi da shi, sai a aiko da sunansa, shi kuma ya bi littattafai yana yanke shafin da sunan yake, ya manna wani. Ya ƙware har ba a ganin wurin yankan. Ranar nan aka aiko masa da sunan ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya. A nan ka tsaya, mugun yaro, da rezar a hannunsa.

To ga laifina. Ka san ni. Labari mai daɗi ba ya kwana a cikina, kumburi yake sa ni. Muna zaune da hantsi da matan gidanmu muna ɓarar gyaɗar da muke sayarwa a hanyar Harami, hira ta mutu, na ce bari in ba ku wani. Na so in ce a wani gari ne can da nisa, zamanin da. Amma da na ga Hajiya Dije ta saki gyaɗa ta buɗe baki, sai daɗi ya kwashe ni. Na ce ai jikana ne ya aiko da shi daga Masko, shi ya juya shi da kansa. Har sunanka na faɗa, da na ubanka.

Lokacin aikin Hajji ne. Gidajen unguwar Jarwal da ke kusa da mu cike da alhazanmu. Kafin a sauko daga Mina labarin mai reza ya zaga, har wata 'yar Sakkwato ta ba ni shi a bakin famfo, ta ƙara masa aljani. Ta ce wani ɗalibi Bakano ne ke fito da asirin Rasha a cikin wasiƙa.

Bayan kwana uku umdan unguwa, wato mai unguwarmu, ya aiko a tambaya wace tsohuwa ce ke ajiye takardun kwaminis. Ka san a ƙasar nan ko sunan Rasha ba a so a ji. Ni kuma shekara goma sha biyu ina zaune ba ni da igama, ba ni da wata takardar zama sai ta Allah. In askar, wato 'yan sandan nan, suka shigo suka ga ambulan mai tambarin can, ba tambaya za su yi ba.

Na rufe ɗaki. Ambulan ɗin na cusa su a murhu. Amma wasiƙun na kasa, domin kowace da bisimilla ka fara ta, ga sunan Allah a ko'ina, ga hannunka. Sai na yi abin da muka iya tun muna yara. Na bi labarin sau uku har ya zauna a kaina, na ɗauko tasa da ruwa, na wanke su ɗaya bayan ɗaya kamar allo. Allah Ya taimake ni da alƙalamin tawada kake rubutu. Ruwan ya yi shuɗi. Na daɗe ina kallonsa. Ba aya ba ce balle in sha, ba kuma abin zubarwa a kwata ba ne. Na kai shi gindin lallen da ke bayan gida na tsiyaye.

Da ɗan aiken umda ya zo, ya tarar da tsohuwa da gyaɗa da farar takarda tana bushewa a kan tabarma. Na yi masa kurumta, na yi masa Larabcin kasuwa, na cika masa aljihu da gyaɗa, ya tafi.

Ni na tsira. Kai fa?

Alhazan nan sun koma gida da labarin a bakinsu, da sunanka a jikinsa. A cikinsu akwai ma'aikatan gwamnati, akwai masu 'ya'ya a can inda kake. Magana ba ta bukatar fasfo. Tun daga wannan Hajjin wasiƙarka ta ɗauke. Wani mai rediyo a Jarwal ya ce an gurfanar da marubuta a Masko saboda labaransu sun fita waje, an tura su aikin wahala cikin ƙanƙara. In haka suka yi wa nasu, me za su yi wa baƙo? Me za su yi wa tsohuwar da ta amince da kai ta ba ka abin da ya rage mata na ɗan'uwanta? Ban san fuskarta ba, amma ina ganinta duk lokacin da na ɗaga hannu a gaban Ka'aba.

Wataƙila jarrabawa ce ta riƙe ka. Wataƙila jirgin wasiƙa ne. Ina faɗa wa kaina haka da safe, kafin azahar na daina yarda.

Ka ji abin da na yanke. Na zo garin nan da niyyar a binne ni a cikinsa, kowa ya sani. Amma in watan babbar Sallah ya kama ban ji ɗuriyarka ba, zan ɗaure kayana in je in miƙa kaina ga jawazat, masu kama marasa takarda, su sa ni a jirgi su mayar da ni gida. In je ofishin da ya tura ka, in shimfiɗa tabarmata a ƙofa, in zauna har su faɗa mini inda kake. Bakin da ya jawo, shi zai je ya yi tambaya.

Kada ka ƙara aiko da ko layi ɗaya na labarin. Ka rubuto sunanka kawai, da hannunka.

Allah Ya tsare ka daga sharrin masu iko da na masu surutu, har da kakarka. Ya rufa wa malamarka asiri, Ya jiƙan yayanta in ya riga mu. Ya nuna mini kunnuwan nan naka kafin ƙasa ta rufe mini ido. Ka yafe mini, Sule.

Ni ce kakarka,
Hajiya Tasalla, Tandabawi, Makka.