Layi Biyu na Inna

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata, Malamar saƙa wadda hannunta bai san kuskure ba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Yau kwana tara ke nan da kika ɗauki jakarki kika tafi gidan Yayanki. Ba wai na zauna ina ƙirgawa ba ne, amma mai gyaran agogo da ke wuni tsakanin agogo arba'in ba shi da bakin cewa bai san lokaci ya wuce ba. Lafiyata lau. Ina cin abinci, shago ma yana tafiya. Kujerarki ta bakin taga ce kawai ta koma wurin ajiye kaya, kuma shirun gidan ya fi ƙarfin ko ni da kike yi wa tsiyar rashin magana.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona? Agogon hannunki ne ya tsaya. Kika same ni bayan kanta da tsinkayen saƙa, zare a hannun hagu, ina cusa tsinke ta bayan idon saƙar, kowane ido yana fitowa a murɗe. Ko sallama ba ki ƙarasa ba kika ce, "Malam, wa ya koya maka wannan aika-aika?" Shekara da shekaru mai askin da ke jikin shagona yana tambayata ko kayan jarirai nake haɗawa, ban taɓa ɗaga kai ba. Ranar na ɗaga. Ya ke mai murmushi irin na rana bayan ruwan safe, wane ne zai ga fuskar nan ya tuna cewa zaginsa ake yi? Aikin minti biyar ne agogon, na ce ki dawo jibi.

Na san ke gwana ce. Mata ashirin kike koya wa saƙa, layukanki suna fita a miƙe kamar kunyar gona, ba ki iya ganin ido a karkace ki wuce shi. Ni kuwa ba don riga nake saƙa ba. Wanda ya wuni yana daidaita abin da ba ya yafe kuskuren daƙiƙa ɗaya yana son ya riƙe wani abu da zai karkace ba tare da duniya ta tashi ba. Ke kina saƙa don ki gama, ni ina yi don in zauna. Shekara biyu muna aure a haka, ban ga abin da ya rage mu da shi ba.

Yanzu ga abin da ya kamata in faɗa tun ranar. Rigar sanyin nan mai ruwan toka da kika samu a durowar ƙasa, rabi a saƙe, mahaifiyata Inna ce ta fara ta. Bahaguwa ce, Allah ya jiƙanta, kuma ita ta koya mini wannan aika-aikar lokacin da na karye a ƙafa na yi wata biyu a kwance. A shekararta ta ƙarshe ta ɗora mini rigar, ta kai tsawon taƙi ɗaya na hannu, sai hannun ya daina yi mata biyayya. Tun daga nan nake ƙara layi ɗaya ko biyu duk ranar da na tashi da kewarta. Shekara huɗu ina yi, kuma ba ni da niyyar gamawa.

Ke kuma kika ga riga a murɗe, kika tausaya wa mijinki. Kika warware ta, kika jiƙa zaren ya miƙe, kika saƙe ta cikin kwana biyar, kika shimfiɗa a kan gado kina jiran in shigo. "Duba, yanzu ta zama riga!" in ji ki. Na ce an gode. Daga nan na yi mako guda ban ƙara ko kalma a kai ba, kina tambaya ina cewa ba komai, har kika gaji kika tafi. Ba ki san ta Inna ba ce, don ban taɓa gaya miki ba. Laifin nan nawa ne. Amma ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini ciwo ƙwarai, har yanzu ma yana yi.

Shekaranjiya da hantsi na ɗauko rigar da nufin in warware aikinki in mayar da ita yadda take. Na nemo bakin zaren, har na kama shi. Sai na lura kafaɗar dama ta fi ta hagu faɗi. Na ƙirga, ido huɗu kika ƙara. Na je gaban madubin mai aski na tsaya: ashe shekara ashirin na duƙawa a kan teburin aiki sun sauke mini kafaɗa ɗaya, ni mai ita ban sani ba! Yaushe kika auna? Da wane ido kike kallona, ya tauraruwar asubata, har kike ganin abin da madubi bai taɓa gaya mini ba? Na saki zaren. Da na ja shi, da na yi wa hannunki abin da kika yi wa na Inna, ni kuma da sanina.

Da na juya bakin rigar daga ƙasa, sai ga layi biyu a murɗe, na farkon farko, ba ki taɓa su ba. Wataƙila kin ga ɗaurin yana da ƙarfi ne kika ɗora a kai. Ba zan tambaya ba. Sun ishe ni.

Ki dawo, abar ƙaunata. Na kwashe kayan da ke kan kujerarki. Roƙona guda ne: ki yi saƙarki a miƙe, ki bar ni da tawa a murɗe, in idonki ya kasa jurewa ki juya kujerar ta fuskanci titi. Ni kuma na yi alkawarin in abu ya dame ni zan buɗe baki, ko da jimla ɗaya ce a wuni. Na sayo koren ulu na ɗora miki mayafin wuya. Zai karkace, kuma ba lallai ya ƙare bana ba.

Ina sanye da rigar yanzu da nake rubutun nan. Mai aski ya leƙo sau biyu yana cewa, "Kai, a wannan zafin? Ko zazzaɓi ne?" Gumi nake yi, gaskiya ne, amma ba zan cire ba. Inna tana riƙe da ni daga ƙasa, ke kina riƙe da kafaɗata.

Naki ne ni, a karkace kamar yadda kika same ni bayan kanta, kuma ba zan zama na wata ba muddin hannun nan yana iya riƙe tsinke.

Mijinki, mai aika-aika.