Ni ce na ce a canja fiyus ɗin, amma tsohon aka kora

Barkanku da warhaka masu kula da wannan shafi da duk mai karantawa. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Sunayen da zan ambata ma duk na canja su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, domin zagin da nake yi wa kaina kullum ya ishe ni.

Ni mace ce, shekaruna ashirin da shida. A unguwar Romi muke zaune, ni da Mama da yayana, zan kira shi Bulus. Kitso nake yi a ƙofar gida. Babanmu ya rasu tun ina sakandare, Yaya Bulus kuma ya fi shekara biyar ba shi da tsayayyen aiki, yau lebura, gobe ya karɓi keken wani ya yi wuni. Bara wani dattijo a cocinmu ya sa shi a wata cibiyar koyon sana'a a Sabon Tasha, kwas ɗin wata shida na aikin lantarki da sola. Aka ba kowane ɗalibi aron kwamfuta. A cikinta akwai wata manhaja da ake gwada haɗin lantarki: ka jawo hoton batir, ka jawo kwan fitila, ka ja layi a tsakaninsu a matsayin waya, ka danna, sai ta nuna maka ko fitilar za ta kama ko za ta ƙone, har da yawan wutar da ke gudu. Ba hayaƙi, ba jan wuta, ba asarar kaya.

Yayana yana da hannu, wannan kowa ya shaida. Ba shi fanka ko dutsen guga ya kwance ya mayar. Amma lissafi da karatu tun firamare suke wahalar da shi. Sati na biyu na same shi a kan benci ya tasa kwamfutar a gaba, ya dafe kai. Aikin gida aka ba su, su haɗa ƙaramar fitila da batir ba tare da ta ƙone ba, shi kuma duk sanda ya danna sai ta ƙone. Na ce, "Yaya, kawo in gani." Ya ce, "Ke da kitso, me kika sani?" Amma ya miƙo. Na karanta takardar da aka ba su, na ga ashe sai an sa wani ɗan abu da ake kira rizista a hanya domin ya rage ƙarfin wutar. Na yi lissafin a bayan kwalin gashin kanti, na sa, na danna. Fitilar ta kama, ta tsaya. Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku abin da na ji ba. Ni da na bar makaranta ina ganin kaina ya rufe ke nan, sai ga abu ya yi yadda na lissafa.

Daga ranar na zama ɓarauniyar kwamfutar yayana. In babu mai kitso, ina kanta. Na koyi abin da ke tara wuta, na koyi abin da ke barin ta ta wuce ta hanya ɗaya kawai, na haɗa fitila mai ƙiftawa, na haɗa abin cajin batir. Shi kuma ya samu sauƙi. Ya dawo ya ajiye takarda ya ce, "Ƙanwata, ga na yau." Ni ma da daɗina nake karɓa, kar ku ɗauka tilasta ni ya yi. Na ce masa sau ɗaya ya zauna in nuna masa, muka yi minti goma ya ce kansa yana ciwo, ni kuma ban sake matsa masa ba. Me ya sa? Domin in ya iya, zai daina ba ni. Wannan ita ce gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Aikin ƙarshe na kammala kwas ma ni na yi shi daga farko har ƙarshe, na kuma sa ya haddace abin da zai faɗa. Shi ya zo na ɗaya. Malaminsu, Malam Sani, wani dattijon mai gyaran rediyo ne daga Makera, mutumin kirki, ya riƙe hannun Mama ranar bikin ya ce, "Mama, kin haifi ɗa mai kai." Mama ta yi kuka, ta yi rawa, ranar Lahadi ta fita gaban coci ta ba da shaida. Ina zaune a layin mata ina tafi da kowa. Bayan wata ɗaya Malam Sani ya samo wa Yaya aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa, shi zai riƙa kula da solarsu.

A nan ne wasa ya ƙare. Yaya ya sayi tsohuwar kwamfuta da albashinsa na farko, ya ce tawa ce. Na ɗauka kyauta ce, ashe igiya ce. Duk abin da ya lalace a asibitin sai ya ɗauki hoto ya turo, ni kuma in zana a manhaja, in kira shi in ce taɓa nan, cire can. Wata huɗu muna haka, kuma ana dacewa. Har na fara jin kaina wata ce.

Wata ranar Talata da hantsi ina tsakiyar yi wa wata mata kitso ya kira. Ya ce an ƙaro na'urar iskar numfashi da firjin magani, yanzu fiyus ɗin da ke tsakanin batir da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, sai ƙonewa yake yi, sau uku ke nan, mai asibitin ta fara faɗa. Na ce wa matar ta yi mini haƙuri, na shiga ɗaki, na zana komai, na ƙara sababbin kayan. Manhaja ta nuna wutar da ake ja ta wuce ƙarfin fiyus ɗin. Na sa wanda ya ninka shi, na danna, komai ya tafi lafiya. Na kira shi na ce, "Yaya, fiyus ɗin ne ya yi ƙarami. Sayo babba ka sa." Ya ce, "Kin tabbata? Wayar nan fa da na taɓa da ɗumi." Na ce, "Ni da ke ganin lissafi nake gaya maka." Haka na ce masa. Shi da hannunsa ya ji gaskiya, ni na rufe masa baki.

Bayan kwana biyu, wajen ƙarfe biyu na rana, wayar ta narke. Hayaƙi ya cika ɗakin batir ya shiga ɗakin masu jego, wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Akwai jaririn da aka haifa bai kai wata tara ba, yana kan na'urar iska. Janareta ya ƙi tashi. Wata nas ce ta naɗe shi a zani, ita da uban yaron suka tare keke suka ruga babban asibiti. An ce ya rayu, na gode wa Allah, amma ni ban san ko ya rayu lafiya lau ba, ban kuma da fuskar zuwa in tambaya. Kafin mai asibitin ta iso, Yaya ya zare babban fiyus ɗin ya jefa a aljihu, ya mayar da ɗaya daga cikin ƙananan da suka ƙone. Da aka tambaye shi, ya ce wanda ya yi haɗin farko ne ya sa siririyar waya mai araha.

Wanda ya yi haɗin farko Baba Yohanna ne. Ɗan cocinmu ne, abokin marigayi babanmu, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar Baba. Sama da shekara talatin yana aikin waya. Mai asibitin ta kira shi ta wanke shi tas a gaban ma'aikata, ta ce kar ya sake taka mata wuri. Magana ta bazu. Yanzu gidajen da suke kiransa sun daina, har aikin wayar sabon ɗakin taro na coci an ba wani. Ya rantse ya ce wayar da ya sa ta dace da kayan da ya tarar, kuma fiyus ɗinsa ba zai bari ta yi zafi haka ba. Wa zai saurare shi? Tsoho ne da bai san kwamfuta ba, ga kuma yaron da ya zo na ɗaya ya ce shi ne.

Na kasa gane inda na kuskure, domin a manhaja har yau in na danna, lafiya lau yake nunawa. Sai na shiga mota na tafi Makera, shagon Malam Sani. Na gaishe shi na ce ni ƙanwar Bulus ce, tambaya ce kawai ta kawo ni: in fiyus yana yawan ƙonewa, laifi ne a sa babba? Ya cire tabarau ya dube ni. Sai ya ɗauko siririyar waya ya kama ta da filaya, ya ɗora a kan wani tsohon batir. Nan take ta yi ja, robar ta narke, wari ya bugi hancina. Ya ce, "'Yata, fiyus mai gadin waya ne. An sa shi ya mutu domin kar waya ta mutu. In yana ƙonewa, yana gaya miki kaya sun yi wa wayar yawa ne. A kwamfuta waya layi ce kawai, ba ta da kauri, ba ta zafi. Na faɗa musu wannan a aji ya fi sau goma." A aji. Ajin da ban taɓa shiga ba. Na nemi kujera na zauna.

Ya zuba mini ruwa, ya ce, "Wa ya koya miki yin irin wannan tambayar?" Na ce ina dai kallon Yaya in yana aiki. Ya yi murmushi ya ce sabon aji zai fara wata mai zuwa, mata ba sa zuwa, in ina so zai sa sunana ba sai na biya komai ba. Abin da na fi so a duniya aka miƙo mini, na ce zan yi shawara, na fito ina kuka a bakin titi. Ta yaya zan je? Ni bahaguwa ce, duk zanena daga dama nake farawa, batir a dama, kaya a hagu, saɓanin yadda kowa yake yi. Haka duk ayyukan Yaya suke, har Malam ya taɓa yi masa tsiya a kai. Rana ɗaya zan yi a ajin ya gane. Ko ya riga ya gane ne? Kallon da ya yi mini bai bar ni ba.

Da na dawo na tare Yaya a bayan gida na ce mu je mu faɗi gaskiya. Ya ce, "Wace gaskiya? Ta fiyus ko ta satifiket? Domin in aka ja ɗaya, ɗayar za ta biyo." Na ce, "Baba Yohanna fa?" Ya ce, "Ni ban ji tausayinsa ba kike gani? Kin san rabona da cin abinci in ƙoshi? Amma ke kika ce in sa. Na ce miki wayar da ɗumi. Ke kika kai ni inda ban isa ba, yanzu kuma ki ce in je in tsaya a kore ni, ko a kira mini 'yan sanda? Mama fa? Da hawan jininta?" Babu ƙarya a maganarsa. Sai da ya juya zai tafi ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Kar ki bar ni ni kaɗai a cikin wannan abin, don Allah."

Ga inda muke yanzu. Mai asibitin ta ƙara yarda da Yaya, tana cewa shi ya gano matsalar. Ta yi odar sababbin batura da faifan sola, ta ce wannan karon ba za ta kira kowa daga waje ba, shi zai haɗa komai da kansa nan da sati uku. Jiya ya turo mini hotunan kayan. Ban buɗe ba. In na taya shi, wane abu ne kuma manhajar ba za ta nuna mini ba, wanda sai hayaƙi ya tashi zan sani? In na ƙi, zai yi shi kaɗai da ka, a ɗakin da ke manne da na jarirai. In na je na faɗa wa Malam Sani, na zubar masa da mutunci, shi da ya tsaya wa Yaya, kuma aikin da muke ci da shi ya tafi. In na yi shiru, tsohon nan zai mutu da sunan macuci.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi coci, Baba Yohanna ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Na ɗauka ya ji wani abu. Sai ya ce, "'Yata, ki gaya wa Bulus ban riƙe shi a zuciya ba. Abin da ya gani ya faɗa. Yaro ne mai ilimi, wataƙila ni ne zamani ya wuce ni. Ki tambaye shi ko zai yarda ya nuna mini abin nan na kwamfuta, ko na gane inda na yi kuskure." Na ce, "To, Baba." To kawai na ce masa, na wuce.

Na kasa yin addu'a, na kasa kallon Mama in tana yabon ɗanta, na kasa buɗe kwamfutar da na fi ƙauna. Iyaye, yayye, masu sana'ar lantarki da ke cikin shafin nan, ku dube ni kamar ƙanwarku. Saura sati uku a fara haɗin. Me zan yi?