Maɓallin Hagu

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun sayo injin gahawar. Ga shi can a kicin kusa da taga, baƙi da ratsin azurfa, ko ledar jikinsa ban gama ɓarewa ba.

Awa uku muka yi a kasuwar kayan lantarki. Ni wani ja na so, mai agogo a goshi, mai niƙa ƙwayar gahawa da kansa. Da mijina Elyor aka (aka ɗin girmamawa ce, kamar a ce yaya) ya ji kuɗinsa sai ya tambayi mai shagon ko ana hawansa a je aiki. Mai shagon ya ce, "Yaya, sabon aure ne, ko? Ai na gani a idon ƙanwata. Ku fara da na 'yan koyo." Ya jawo wani ƙarami mai maɓalli biyu. Ya sa na ɗaga ludayin ƙarfen da ake zuba garin a ciki, ya ce duk injin da ludayinsa ba nauyi kada in kalle shi sau biyu, kuma in tabbata tankin ruwan yana ciruwa, don ruwan Tashkent ba ya wata uku bai toshe inji ba. Ƙaramin nan shi kaɗai ya rage, wanda suke gwada wa mutane a shago. Muka ɗauka a haka.

A littafin labarin nan nawa mai koren bango akwai shafin da na karanta ya fi sau ashirin. Safiya, matar tana tsaye a kicin sanye da rigar mijinta, ƙamshin gahawa, babu kowa a gidan sai su biyu. Ba abin da ya faru a shafin. Shi ya sa nake son sa.

Mu uku ne. Tun da baban Elyor aka ya rasu a watan Afrilu, mahaifiyarsa ta kulle gidan Kokand ta dawo wurinmu. Shi ne auta, haka ake yi. Watanmu bakwai da aure, shida da ita, Oyijon, wato mama, kamar yadda nake kiranta. Ta daɗe tana kallon injin, sannan ta matsar da butar shayinta can ƙarshen kantar kicin, ta ce Allah ya sa a mora.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ƙara yake yi kamar ana huda bango. Na farko ya fito ruwa-ruwa, na biyu ɗaci kamar magani, na uku ban murɗa ludayin sosai ba ya feso min har haɓa. Na huɗu ne ya zo da kumfa mai launin zuma a sama. Ashe sai an danne garin da kyau, an ɗumama kofin tukuna.

Maɓallin hagu ba ya tsayawa da wuri. In na ga ya isa sai na sake dannawa, in ba haka ba ya yi ta zuba.

Elyor aka ya sha ya ce da daɗi, sannan ya kora da koren shayin uwarsa.

Laraba, 23 ga Oktoba

Oyijon ta ce burodinmu ya fara warin ƙonanniyar tukunya.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Bari in rubuta yadda ya faru tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Elyor aka yana ɗaure takalmi ya ce in ba Oyijon ta ɗanɗana, kada ta ga kamar mun ware ta. Ya fita bakwai. Ita ba ta shan komai a kofi mai mariƙi, don haka na sa piyalarta, 'yar tasar shayi shuɗiyar nan mai furen auduga, a ƙarƙashin injin. Na danna. Madara ta taso a kan wuta, na juya. Da na waiwayo injin ya tsaya da kansa, piyalar ta cika har baki.

Da na zubar da rabi. Ban zubar ba, na ce asara ne. Na ɗauka a hankali don kada ta fantsala, hannun hagu a ƙirji kamar kullum, na miƙa mata.

Yaro mai shekara biyar ya san wannan. Wanda kake son zamansa, kaɗan kake zuba masa a gindin piyala, ya sha da zafi ya miƙo ka ƙara, hira ta yi tsawo. Wanda ka cika wa, ka ce masa ya shanye ya kama hanya. Mutanen Kokand kuwa ba sa wasa da wannan. Wata shida ina zuba mata kurɓi uku-uku, sau goma a zama ɗaya, gwiwoyina na ciwo.

Ta dubi piyalar. Ba ta dube ni ba.

Na ce, "Injin ne, Oyijon."

Ta ce, "Na gani, kelin." Matar ɗa ke nan, haka take kirana.

Ta shanye tas, fuskarta ko motsi. Wunin nan ba ta kunna rediyo ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na dafa mata shayi, na juya shi sau uku, na kawo. Ta ture butar da bayan hannu ta ce in yi mata na injin.

Yatsana yana kan maɓallin. Ina kallon baƙin ruwan yana hawa, ya wuce furen auduga, ya kai zoben zinaren bakin. Ban san me nake jira ba. Ya tsaya da kansa.

Ta shanye.

Talata, 29 ga Oktoba

Zan kai kwalin injin baranda sai takardar bayani ta faɗo. Shafi na shida. A danna maɓallin a riƙe, in ruwan ya kai yadda ake so a saki, daga ranar iyakarsa ke nan. Ashe 'yan shagon ne suka saita shi da babban kofi don masu gwaji.

Na karanta sau biyu. Na ninke takardar na sa a cikin koren littafin. Gobe, in na sami sarari.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Kwana bakwai. Kullum bayan fitarsa sai ta turo piyalar. Ba ta son gahawa, na sani. Tana riƙe numfashi kamar mai haɗiyar ƙwaya, bayan nan hannunta ya yi ta rawa har carbi ya faɗi. Jiya na ga tana danna ƙirjinta da tafin hannu. Na ce ko in kira likita, ta ce ba komai, sabon abu ne jikinta ke koyo.

Ni ban ce ta sha ba. Ita ke tambaya.

A littattafai, in mutum biyu suna rigima, ɗaya ya yi ihu, ɗaya ya fasa faranti, a wuce wurin. Nan babu ko ɗaya. Muna gaisawa, muna tsince shinkafa a faranti guda, tana ce min sannu.

Na haɗu da maƙwabciyarmu Rano opa ta hawa na uku a matakala. Ta ce, "Ke 'yar birni, ƙarar me nake ji kullum a samana, jirgi kuka saya?" Muka yi dariya. Sai ta ce surukata ta saukar mata da tukunyar furenta, wadda ta riƙo a cinya tun daga Kokand. Wai ta ce wurinmu ba rana. Tagarmu ce ta fi ta kowa rana a benen nan.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ta wanke duk kayanta, har da na sanyi da ba ta sa ba tukuna. Ta zaunar da ni ta nuna min yadda Elyor aka yake son a yanka karas ɗin osh, dafa-dukar shinkafar nan, da wuƙa, siriri, ba da magogi ba. Ta sa na maimaita sau uku. Ta faɗa min wane magani ke tayar masa da ƙaiƙayi.

Da yamma ya shigo yana dariya, ya ce Oyi ta tambaye shi makullin gidan Kokand, wai tana son ta riƙe ne kawai. Ya ba ta. Ya ce tsufa. Na ce haka ne.

Gidan nan na Kokand na kwana a cikinsa sau biyu. Murhun yana mayar da hayaƙi ciki, famfon tsakar gida yana daskarewa tun farkon Disamba, maƙwabtan da ta sani duk sun bi 'ya'yansu. Idonta na dama kuma ba ya ganin matakala.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Yau ta yi magana. Muna zaune, piyalar tana gabanta ba komai a ciki. Ta ce ita shekara talatin da ɗaya ta yi tana zuba wa uwar mijinta shayi. Matar ba ta taɓa cewa ya yi daɗi ba, ko da zafi ko da sanyi sai ta sami abin faɗa. Bango ɗaya ne tsakaninsu, kamar takarda, ko dariya da mijinta sai sun je gona.

Na ce, "Ba ki taɓa cika mata ba?"

Ban san bakina zai faɗa ba. Ta yi murmushi, na farko cikin mako biyu.

"Ko sau ɗaya. Amma na so, kelin. Kullum na so."

Ta turo piyalar. Na ɗauka na shiga kicin. Na ce yau kam kaɗan zan zuba. Na tsaya, na tuna shekara talatin da ɗaya, na lissafa shekarun da zan kai a lokacin.

Yau ma na cika ta.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yana gida. Na yi zaton ba za ta tambaya ba, don makon jiya shayi ta sha a gabansa. Ta tambaya.

Na tashi da niyyar tsayar da shi a gindi, lafiya lau, a wuce. Ina bakin ƙofar kicin ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yadda kika saba, Durdona. Kada ki canja hannu don yana nan."

Ba ta taɓa kiran sunana ba sai yau.

Na kawo ta cike. Elyor aka yana gutsurar burodi, hannunsa ya tsaya. Ya dubi piyalar, ya dubi uwarsa, ya tambaya tun yaushe. Na ce injin ne, haka yake zubawa. Ya tashi ya shiga kicin, muna jin sa. Ya danna, ƙarar ta fara. Ya sake dannawa, ta tsaya.

Ya daɗe a can.

Da ya fito Oyijon ta ce kada ya ɗaga wa kowa murya a gidan nan, yarinya ba ta yi mata rashin kunya ba, ba ta taɓa barin ta da yunwa ba. Ta ce kabarin babansa take son gani kafin ƙanƙara ta rufe shi, bishiyoyin ma ba a lulluɓe su ba. Ya ce Oyi, sanyi. Ta ce a sanyi aka haife ta. Sannan ta ɗauki piyalar ta shanye a gabanmu, ta kife ta a kan tabarmar abinci.

Talata, 12 ga Nuwamba

Jirgin ƙasa na safe. Jaka biyu da butar shayinta a naɗe cikin tawul. A bakin ƙofa ta ɗaga hannu ta yi mana addu'a mai tsawo, ta shafa, na shafa. Ta sumbaci goshina. Leɓenta sanyi.

Elyor aka ya ce zai raka ta, kwana biyu, ya duba murhun. Matakala yake kallo da ya faɗa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na sa farar rigarsa na tsaya a kicin. Gahawar ta fito da kumfa mai kyau, mafi kyau tun da muka saya. Ƙafafuna suka yi sanyi. Ban taɓa lura firijin nan yana ƙara haka ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na kira sau biyu. Na biyun ya ɗauka, ya ce yana kan rufi. Na tambayi jikin Oyijon, ya ce tana kwance.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Saƙonsa ya shigo da hantsi. Ƙanƙara ta sauka a can. Ya yi magana da wurin aikinsu, zai riƙa yi daga Kokand zuwa wani lokaci. In haɗa masa takalmansa na sanyi, da babbar riga, da kwamfutar, da rezarsa, in ba mai kula da taragon jirgin gobe. Bai ce zuwa yaushe ba. Bai rubuta sunana a farko ba.

Na gyara maɓallin. Rubuta wannan layin ya fi shi ɗaukar lokaci. Yanzu yana tsayawa a gindi, kurɓi uku daidai. Na gwada, na sake gwadawa, piyaloli huɗu na nan a jere kan kanta sun huce.

Na haɗa kayan. Na sa koren shayi mai kyau daga kasuwa, da safa ta ulu, ƙaramar ƙafa, ba tasa ba ce, ta Oyijon ce. Akwai sauran wuri a gefen jakar, kamar na rigunana biyu ko uku. Ban ja zip ɗin ba tukuna.