Hoton Baba a Tashar Bas

Zuwa ga Yaya Frauke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Arne da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin Kanada bai gallabe ku ba bana. Mu nan lafiya lau. Gwaggo Helga ta warke daga ciwon ƙafa, har ta koma hawa keke tana firgita mutane a hanya. Ni kuwa ina nan yadda kika san ni, kowa ya yi ɓarna a gidan nan ni ake kira in gyara.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, gara ki ji daga bakina kafin wani ya ƙara mata gishiri. Wata Litinin ƙaninmu Sönke ya fito daga gidan burodi, sai ya yi kiciɓis da hoton Baba a allon tallan tashar bas, ƙato guda, yana zaune a bencin kasuwa yana gatsar farin burodin nan mai laushi na kamfanin da ya buɗe shago a bakin gari. A ƙasa an rubuta wai ko tsofaffin gari sun san daɗi. Yaya, ki duba fa! Mutumin da ya shekara arba'in yana gasa baƙin burodi, wanda yake kiran na kamfani soso, wanda ya damƙa wa Sönke shagon da ƙullun tsamin da ya gada wurin Kaka. Duk garin nan ba wanda bai san fuskarsa ba.

Kafin rana ta yi tsaka masu saye sun fara tsiya. Tsoho Jürgen mai gyaran keke ya shigo wai a ba shi irin wanda maigida ke ci, ba irin wanda ake sayar wa talakawa ba. Sönke bai yi dariya ba. Ya ce da ni surutun mutane bai dame shi ba, abin da ya ƙona masa rai shi ne ubansa ya raina aikin hannunsa kuma bai faɗa masa ba. Ya daina zuwa cin abincin Lahadi. Baba kuma kin san shi, ya ce ba wanda zai yi wa bayanin abin da ya sa a bakinsa. Mako uku uba da ɗa ba sa magana. Gaskiya na tsorata, don Baba ya tsufa, ba shi da kwanakin ɓatawa a gaba.

Na ja Baba wurin Madam Thomsen, lauyar da ke saman kantin magani, don ba wanda ya nemi izininsa kafin a ɗauki hoton. Ta ce da cikin taron masu cin kasuwa ya fito, kai ɗaya cikin kawuna, da ba mu da ta cewa. Amma a ware mutum shi kaɗai a yi talla da fuskarsa ba a tambaye shi ba, doka ba ta yarda ba, ko da a tsakiyar titi aka ɗauke shi. Ta rubuta wa kamfanin, cikin kwana huɗu suka sauke hoton, suka ba da haƙuri a rubuce. Baba ya ce a bar maganar haka, shi ba kotu zai je ba.

Hoto ya sauka, amma gaba tana nan. Ranar da muka karɓo takardar haƙurin na tsare Baba a mota, na ce ba zan tayar da ita ba sai ya faɗa mini gaskiya. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce tun da aka sa masa haƙoran roba ba ya iya tauna ɓawon burodinmu, dasashinsa har jini yake yi. Wanda Sönke ke aiko masa kullum, agwagin kogi ke cinyewa. Ya ce da wane baki zai ce wa yaron ɓawonsa ya yi tauri, alhali shi ya koya masa cewa burodin da ba ya ƙara in an ƙwanƙwasa shi ba burodi ba ne? Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Ina sauke shi na wuce gidan burodi na saɓa alkawarin.

Sönke ya ce tsohon nan taurin kansa ya fi na ɓawon. Washegari ya gasa ɗan burodi daga ƙullun Kaka cikin gwangwani mai murfi, don kada ya yi ɓawo, ya kai da kansa. Ina wurin. Baba ya juya shi, ya shinshina, ya ci yanka uku da man shanu, sannan ya ce gishiri bai ji ba. Sönke ya ce in ya fi shi iyawa, gobe ya zo da ƙafarsa ya auna. Yau kwana goma ke nan, kowace safiya Baba yana can, suna faɗa a kan gishiri.

Ki gaida Arne, ki rungume mini Malte da Imke. Gwaggo Helga da Sönke suna gaishe ku da kyau. Baba ma yana gaisuwa, amma in kin kira shi kada ki ambaci haƙora.

Ni ce ƙanwarki,
Wiebke