Ni ce Barirar da ake kira kowace safiya

Zuwa ga Mai girma Daraktan kwalejin unguwarmu, a birnin Tawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da malaman da ke ƙarƙashinka. Ranka ya daɗe, ka gafarce ni da na rubuta da Hausa, faransancina bai kai na wasiƙa ba. Ka kuma gafarce ni da na aika da ita gidan rediyo a karanta. Ba don in kunyata kowa ba ne. Ban san wata hanyar da takarda daga hannuna za ta bi ta shiga makarantarka ba.

Sunana Barira Illa, shekaruna goma sha huɗu. Daga wani ƙauye nake, arewa da Takanamat. Shan inna ya kama ƙafafuna tun ban yi wayo ba, shi ya sa nake tafiya da keken guragu, irin wanda ake murzawa da hannu. Bana na gama lakwal, wato firamaren ƙauyenmu. Kwalejin da ta fi kusa da mu tana da nisa, hanyar kuma duwatsu ce da rairayi, don haka mushenmu, wato malaminmu na lakwal, ya yi ta kai da kawo har aka sa sunana a makarantarka, tunda gidan gwaggona yana kusa da ita. Ya ba ni takardar shaida mai hatimi, ya ce in nuna ta a bakin ƙofa. Babana yana cin rani a Abijan, innata tana can tana fama da girbin hatsi. Gwaggo kuwa takaba take yi, ba ta fita. Ni kaɗai nake zuwa.

Ga abin da ya same ni.

Na ɗaya. Ranar Litinin da aka buɗe makaranta na iso tun kafin a buɗe ƙofa. Ba ni da kayan makaranta, hijabina shuɗi na sa. Na bari ɗalibai suka gama shiga, don kada kekena ya tare musu hanya, sannan na matsa wurin gardi na miƙa masa takardata. Bai karɓa ba. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, ɗiyata, nan yara ne kawai, ba su da abin ba ki." Ya ce in gwada bakin kasuwa ko masallacin Juma'a. Sai daga baya na gane abin da ya zata. A nan birni masu bara suna yawo da takardar likita a cikin leda, suna nuna wa mutane don a taimaka musu su sayi magani. Ni ma tawa a cikin leda take, innata ce ta sa ta don kada ta yi datti.

Ya kamata in yi magana a lokacin, na sani. Na buɗe baki, murya ta ƙi fitowa. A ƙauyenmu ban taɓa bayyana wa kowa ko ni wace ce ba, kowa ya san ni, ƴan ajinmu su ke tura ni in rairayi ya riƙe ƙafar keke. Ban taɓa yin bara ba, ban kuma san yadda ake gaya wa dattijo sa'an kakana cewa ya yi kuskure ba. Na juya.

Na biyu. Washegari na koma, na cire takardar daga ledar. Ina riƙe da ita sai wani malami ya iso a kan babur. Na ɗaga hannu don ya gani. Ya rage gudu, ya sa hannu a aljihu, ya ajiye mini dala ashirin a cinya, ya wuce ciki. Idonsa bai ko sauka a kan takardar ba. Gardi ya ce in yi godiya, yau na taki sa'a. Na yi godiya.

Na uku. Tun daga ranar ban sake zuwa bakin ƙofa ba, amma ban daina zuwa makaranta ba. Gwaggo ta ɗauka aji nake zuwa, ban gaya mata ba, tana da abin da ke damunta. Akwai wani iccen bedi a bayan katangarku ta gabas, nan nake tsayawa. Tagar wani aji tana kallon wurin. Ranar farko da na tsaya a nan, na ji madam, malamar ajin, tana kiran sunaye, har ta ce Barira Illa. Ta kira sau biyu. Na ce "prezant" a hankali, yadda muke amsawa a lakwal, amma katanga ce kawai ta ji.

Ashe ajina ke nan. Yau kwana goma sha biyu ina zama a bayansa. In madam ta ɗaga murya ina rubuta abin da na ji a kayena, littafin rubutuna, in ta juya wajen tablo, wato allo, sai maganar ta ɓace mini, in bar gurbi. Kayen duk gurabu ne. Na san muryoyin ƴan ajinmu, akwai wata mai yawan dariya da ake yi wa faɗa kullum, ina jin da za mu shirya da ita. Ban san fuskar ko ɗaya ba. Wata rana da aka tashi, wata yarinya ta tsaya ta ba ni rabin fankenta. Wataƙila ma benci ɗaya aka ba mu.

Yanzu madam sau ɗaya take kiran sunana, da sauri, ba ta jira. Jiya Alhamis bayan ta kira, ta yi wata magana da faransanci. Ban gane duka ba, amma na gane cewa wanda bai zo ba zuwa Litinin za a soke sunansa a ba wani wurin. Abin da ya sa na rubuta ke nan.

Ranka ya daɗe, mushenmu ya sha gaya mana cewa dokar ƙasa ta ba yaro mai naƙasa haƙƙin karatu daidai da kowane yaro, kuma haƙƙi ba sadaka ba ne, ba a roƙonsa. Na yarda da shi. Amma gardi bai sani ba, kuma ina jin ba wanda ya taɓa gaya masa. Duk kwanakin nan ban ga ko mutum ɗaya mai keke irin nawa ko mai sanda ya shiga ƙofarku ba. Ban sani ba ko babu su ne a unguwar, ko su ma daga bakin ƙofa suka koma gida.

Ga roƙona.

Kada a soke sunana. Ba fashi na yi ba.

Kada a hukunta gardi saboda ni. Bai taɓa yi mini tsawa ba, in ya hango ni har addu'a yake yi mini. A gaya masa kawai cewa in irina ya miƙa takarda, ya karɓa ya kai wa mai karantawa.

Na leƙa ta ƙofa na ga azuzuwan suna da matakala uku. Kada wannan ya zama dalili. Ina sa silifa a hannu in hau, haka na yi shekara shida. In daga baya an samu hali an yi gangara da siminti, na gode, na bayana ma za su gode.

Ku kuma iyayena da ke sauraro, malaman ofis da na asibiti da masu gadi, in kun ga gurgu ko makaho a bakin ƙofa, ku tambaye shi abin da ya kawo shi kafin ku sa hannu a aljihu.

Dala ashirin ɗin nan tana nan ƙulle a bakin hijabina, ban kashe ba. Ina so in mayar wa malamin da hannuna, da ladabi, in ya zama yana cikin masu koya mini.

Ranar Litinin zan zo da wuri in Allah ya kai mu. Ba zan je gindin bedi ba, a bakin ƙofa zan tsaya da takardata. Ban tabbata muryata za ta fito ba, don haka ina roƙo a turo wani ya duba. Shuɗin hijabi, keke mai jan fenti da ya koɗe.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka zuriya, ya sa kada ɗanka ya taɓa jin ana kiran sunansa a wurin da ba zai iya amsawa ba.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Barira Illa, ajin sizyam, ajin farko na kwaleji.