Karatun Baba Yana Nan

Koki, Kano
Litinin

Yaya Mikail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Bahijja da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, sai abu guda.

Ka san kullum da safe Hajiya na sauraron karatun marigayi Baba, wanda ka zuba a VM, ƙaramar kwamfutar nan da ka gina a cikin laftof ɗin gida. Tun da muka canja rauta, na'urar da ke raba mana intanet, in na rubuta sunan da ka raɗa mata, wato malam, sai laftof ta ce ba ta san ta ba. Hajiya ba ta yi ƙorafi ba, amma kokonta ma ba ta shanyewa. Jiya Kawu Ilu ya ce a kai wa mai gyara ya goge komai ya sake lodi. Na ba shi haƙuri, na ce ba za a taɓa ta ba. Ya tafi yana cewa boko ya sa mini taurin kai.

Ni hankalina kwance yake. Na kunna VM ɗin, ta tashi, fayilolin suna nan cif. Na kira ta da lambar IP, wato adireshinta, daga laftof, ta amsa nan take. Shafin karatun ne ka tsara ba ya buɗewa sai da suna. Ka ga ke nan sunan ne ya ɓata hanya, kuma zan gano inda ya karkace.

Ƙanwarka,
Ikram

Laraba

Yaya Mikail,

Assalamu alaikum, ina fatan kun tashi lafiya. Albishirinka.

A fayil ɗin hosts, mai haɗa suna da lamba, matsalar take. Sunan yana nuna tsohuwar lambar da tsohon rauta ya bayar, sabon kuwa ya ba VM ɗin wata. Na gyara, na gwada, ta ƙi. Ga Kawu kuma na zaune yana kallona. Sai na tuna laftof takan riƙe tsohuwar amsa. Na share abin da ta riƙe, shafin ya buɗe. Na kuma kafe wa VM ɗin lamba ɗaya don gaba.

Saboda ɗoki na danna wani karatu da ba mu taɓa kunnawa ba. Ana tsakiya sai Baba ya dakata, ya ce, “Ladi, a rage wutar nan, hayaƙi ya ishe mu.” Hajiya ta ce, “To, Malam,” har ta dafa tabarma za ta miƙe. Sai ta kalle mu, ta yi dariya, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce in mayar da wurin.

Kawu bai tashi ba sai da aka shafa.

Hajiya na sa maka albarka. Ka gaida mutan gidan.

Ƙanwarka,
Ikram